Kayen karatu ga matasa: yaya ake tsara shi, kuma ina littattafan kirki a Yamai?

Maman Biyu, Bukoki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar malamai da masu harkar littattafai. Yara biyu gare ni, mace mai shekara 13 tana sankiyam, namiji mai shekara 16 ya shiga lise bana. Dukansu suna karanta Faransanci, Hausa kuwa bakinsu ce amma ba su saba ganinta a rubuce ba. In ba littafin da mushe ya tilasta ba, ba sa buɗe komai. An ba ni shawara in saya musu kaye su riƙa rubuta abin da suka karanta. To me ake rubutawa a ciki, sau nawa a sati, kuma ni zan riƙa dubawa ko a'a? Sannan waɗanne littattafai suka dace da shekarunsu, a ina zan same su nan Yamai ba tare da na kashe kuɗi mai yawa ba? Allah ya saka da alheri.

Malamin Faransanci, Yantala

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Zan ɗauki maganar kaye, in bar ta littattafai ga waɗanda suke wuni cikinsu.

Ki sayi ƙaramin kaye mai shafi 100, kowane yaro da nasa, a sa masa rigar roba. Kada ki ɗauko babban nan mai shafi 300. Yaro in ya cika shafi shida ya ga sauran fari fat, gwiwarsa sanyi take yi. Ƙarami ya fi saurin cika, cikarsa kuma ita ke sa a nemi na biyu. Ranar farko su sa wa shafukan lamba da bik, sannan a kasa kayen uku.

Shafi huɗu na farko jerin littattafai ne. A ja layuka a tsaye: lamba, sunan littafi, marubuci, ranar farawa, ranar gamawa, sai maki daga 1 zuwa 5. Littafi ɗaya, layi ɗaya. Wanda aka fara ba a gama ba shi ma ya shiga, a rubuta shafin da aka tsaya da dalili a taƙaice: ya yi wuya, ba ya tafiya, shafuka sun ɓace. Shafi huɗu na ƙarshe a raba su biyu. Rabi na littattafan da yake son samu, da wanda ya ba shi labarinsu. Rabi na aro: wa ya ara masa, wa ya ara wa, yaushe za a maido. Wannan rabin shi ke hana faɗa da maƙwabta.

Tsakiya ita ce ainihin aikin. Kowane littafi a ba shi shafi biyu masu kallon juna. Na hagu na lokacin da ake cikin karatu ne: kwanan wata, daga shafi kaza zuwa kaza, sai abu uku gajeru. Me ya faru, cikin layi biyu. Jimla ɗaya da ta tsaya masa a rai, ya kwafe ta daidai da lambar shafinta. Sai tambaya ɗaya ko hasashe, kamar "ina jin kawun nan ƙarya yake yi". Hasashen nan ya fi sauran amfani, don shi ke sa yaro ya koma littafin gobe ya ga ko ya canka. Shafin dama sai an gama: wa ya burge shi, wa ya ba shi haushi, da shi ne marubucin ina zai sauya, kuma wa zai ba littafin ya karanta.

Karatu kullum, minti 20. Rubutu sau biyu ko uku a sati, kada ya wuce minti biyar. In muka ƙaddara yaro yana cin shafi ɗaya cikin minti biyu, shafi 10 ke nan a rana, littafi mai shafi 150 ya ƙare cikin kwana 15. Ko da an cire lokacin jarrabawa da kwanakin ƙiwuya, littafi 12 zuwa 15 a shekara abu ne mai yiwuwa. A ɗaure lokacin da wani abu da ba ya tashi, misali bayan sallar la'asar, tun da sauran haske, don karatun da aka bar wa dare yakan tafi da ɗaukewar wuta ko da barci.

Abin da ke kashe kayen nan kusan kullum daga manya yake zuwa. Na farko jan bik. Da zarar an fara gyara masa kuskuren rubutu a ciki, yaro zai koma rubuta gajerun jimlolin da ya tabbata ba kuskure, ra'ayinsa kuma ya ɓuya. Gyaran rubutu yana da wurinsa a dikte, ba nan ba. Na biyu neman cikakken rezime. In aka ce ya taƙaita littafi duka, bayan bango zai kwafe, ko ya ɗauko daga intanet, ke kuma ki ga shafi cike ki yi murna alhali bai karanta ba. Tambayar da ba a iya kwafo amsarta ita ce ta ra'ayi. Na uku ƙamus: tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma yana yanke zaren labari. Ya ɗiga mata alama da kireyo ya wuce, in babi ya ƙare ya zaɓi uku kacal ya duba, ya rubuta su tare da jimlar da suka fito ciki. Na huɗu biyan kuɗi kan kowane littafi. Sakamakonsa a bayyane yake, zai riƙa zaɓen sirara yana tsallake shafuka.

Batun dubawa: shafukan jeri na gaba naki ne da shi, ku duba tare sau ɗaya a sati. Tsakiya tasa ce, sai in shi ya nuna miki. Ga ɗan shekara 16 wannan sharaɗi ne, in ya san ana leƙawa ba zai rubuta gaskiya ba. Kuma ki bar su su rubuta da harshen da ya zo musu, Hausa ko Faransanci ko gauraye.

Mai Ɗakin Karatu, Wadata

Hajiya sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da tsari, ni zan nuna miki inda kayen yake biyan kuɗinsa. Bayan littafi biyar ko shida, ki duba layin maki. Waɗanda suka ci 4 da 5, me ya haɗa su? Yaƙi ne, ko dariya, ko rikicin gida, ko tafiya? Da wannan za ki je neman na gaba, ba da jerin da wani ya rubuta wa yaran da bai sani ba. Har layin waɗanda aka ajiye yana magana: in uku a jere an rubuta "ya yi wuya", matsalar matakin harshe ce, ba ƙin karatu ba.

Kafin a ɗauki littafi a gwada shi a tsaye. Yaro ya buɗe wani shafi a tsakiya ya karanta, duk kalmar da ta hana shi fahimta ya lanƙwashe yatsa ɗaya. Biyu ko uku, daidai ne. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, a bar shi sai baɗi. In an ɗauka, a ba shi shafi 30. In har nan bai kama ba, a ajiye ba tare da faɗa ba.

Ga yarinyar, a fara da masu gajerun babi. La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre na Senghor da Abdoulaye Sadji, na 1953, labaran wayon zomo ne, don ƴan makaranta aka rubuta shi. Soundjata na Djibril Tamsir Niane, na 1960, siriri ne kuma yana gudu: yaron da ya daɗe bai taka ƙafa ba, ya zo ya kafa daular Mali. L'Enfant noir na Camara Laye yana tafiya a hankali, ya fi dacewa da yaro mai haƙuri. Daga gida akwai L'Aventure d'Albarka na Boubou Hama da Andrée Clair. In ta kai ƙarshen katiriyam sai Sous l'orage na Seydou Badian, inda uban Kany yake son aurar da ita ga attajiri ita kuwa tana son Samou da karatunta. Ƴan mata sukan cika shafin dama da shi. Les Contes d'Amadou Koumba na Birago Diop tatsuniyoyi ne, amma Faransancinsa ya fi ƙarfin yadda ake zato, a yi masa gwajin yatsu.

Ga saurayin, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, shi ne ƙofa mafi sauƙi. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, can ƙasar Arewa, da ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Wuraren namu ne, sunayen namu ne, kuma Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, sai ya kwatanta biyun a kayensa. Une vie de boy na Ferdinand Oyono, na 1956, an gina shi ne a matsayin kaye biyu da yaro Toundi ya rubuta, saboda haka yana nuna wa mai kaye abin da rubutun yau da gobe zai iya ɗauka. Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo yana kan samarin da ke barin ƙauye zuwa ƙasashen bakin teku, Quinze ans, ça suffit! na Amadou Ousmane kuma kan handame taimakon abinci lokacin fari. Une si longue lettre na Mariama Bâ, wasiƙar mace mai takaba ga ƙawarta, bai kamata a bar wa mata kaɗai ba. L'Aventure ambiguë a jira aji na ƙarshe, don in aka ba shi da wuri yakan sa yaro ya ɗauka shi ne bai da kai.

Akwai waɗanda ya kamata ki fara karantawa ke da kanki. Allah n'est pas obligé na Kourouma yana da ashar da kisa, yaron soja ne ke magana. Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, na 2020, yana faɗin auren dole da dukan mata ba tare da sakaya ba; littafi ne mai daraja, amma na karantawa a tattauna. Aya de Yopougon zane ne, sai a ɗauka na yara ne, alhali akwai cikin shege da neman mata a ciki. Na ƙanana shi ne Akissi, na marubuciya ɗaya, Marguerite Abouet. In kuma saurayin ya ƙi ƙagaggen labari gaba ɗaya, kada a matsa. Tarihi, rayuwar ƴan ƙwallo, littafin taurari ko na injuna, duk karatu ne, duk suna shiga kaye.

Wurare: ki fara da ɗakin karatun makarantarsu in akwai, yara da yawa ba su taɓa tambaya ba. Cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, CCOG, tana da ɗakin karatu. Sai tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, CCFN Jean Rouch, da ke daura da gidan tarihi na Boubou Hama, wadda aka sa wa sunan Moustapha Alassane a 2024. Ki fara zuwa ke kaɗai ki ji ranakun buɗewa da sharuɗɗan aro. Galibi hoto ake nema, da katin makaranta, da ɗan kuɗin shekara. Ranar da za ki kai su, ki zauna gefe su zaɓa da kansu, littafi biyu kowanne, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai ɗan nauyi.

Malama daga Tawa

Yaya, jerin nan mai kyau ne, amma ban yarda a tura Hausa baya ba. Hajiya ta ce Hausa bakinsu ce. Yaron da ke fama da kalma biyar a kowane shafin Faransanci, in aka ba shi labari da harshen da yake mafarki da shi, nan take zai san daɗin da ake cewa karatu yana da shi, kuma wannan sabon yana binsa zuwa Faransancin. Ga shi kuma tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, iya karanta ta ba abin wasa ba ne gare su.

Sai dai akwai tuntuɓe a farko, kuma in ba a san shi ba sai a ce yaro ya ƙi. Wanda ya koyi haruffa a lakwal da Faransanci yana kallon rubutun Hausa da idon Faransanci. Zai karanta c kamar k ko s, ya karanta u da bakin Faransawa, ya nemi ch inda aka sa sh, ya tsaya cak a kan ɓ, ɗ, ƙ da ts. Rubutun kuma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai ma'anar jimla ta gaya maka. Maganinsa karatu da murya, minti 10 a rana, sati ɗaya zuwa biyu, ke kina aikinki kina saurare. Da kunnensa ya ji kalmar zai gyara da kansa. In yana jin kunya, ki sa shi ya karanta wa ƙannensa ko yaran maƙwabta. Gajerun labaran Hausa na African Storybook kyauta suke a intanet, sun yi masa ƙanƙanta shi kaɗai amma sun dace da wannan aikin. Ki kuma gaya musu littattafan Najeriya suna rubuta 'y inda mu muke rubuta ƴ, kada ya ruɗe su.

Littafin farawa Magana Jari Ce ne na Abubakar Imam, juzu'i uku, ya fara fitowa a 1937. A juzu'i na farko aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya, saboda haka ya yi daidai da shafin hagu da Malam ya faɗa. Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, akwai dariya a rikicin Alhaji da Malam Zurƙe. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa na masu son jarumta ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa gajere ne amma mai nauyi, yaron da aka sace zamanin cinikin bayi da uwar da ta bi sawunsa cikin hamada. Na saurayin ne, kuma ya zauna daidai kusa da Sarraounia. Ganɗoki a bar shi daga baya, Hausarsa tsohuwa ce. Tunda Hausar littattafan nan ta gabas ce, su ware shafi ɗaya su ja layi a tsakiya, gefe yadda littafi ya ce, gefe yadda ake cewa a gida, kamar biyar da biyat, ƴa da ɗiya. In sun kawo wa kakarsu shafin nan za a sha hira.

Littattafan soyayya na Kano ba duka ake zubarwa ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu suna taɓa aure da dukiya da zaluncin cikin gida da gaske. Inda nake jan kunne shi ne labaran da ke yawo a WhatsApp babi-babi. Ba mai tacewa, wasu da kyau, wasu batsa ce zalla, kuma sukan fara da ladabi sai can tsakiya su juya. Duba babin farko bai isa ba, a duba na tsakiya.

Masu sayar da littattafan addini a bakin kasuwa sukan haɗa da na Hausa, ko su sa a kawo daga Kano ko Sakkwato in an ba su suna a rubuce. A nan Yamai kuma kamfanin ɗab'i na Gashingo yana fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa.

Baba Mai Littattafai, Babbar Kasuwa

Ɗiyata, in za ki sayi na hannu, wajen masu shimfiɗawa a ƙasa, ga abin dubawa. Buɗe shafin ƙarshe tukuna ki ga labarin ya ƙare, don bango da ƙarshe su ke fara tafiya. Sannan ki bi lambobin shafi da yatsa. Littafi ɗauri-ɗauri ake haɗa shi, galibi shafi 16 ko 32, in ɗauri ɗaya ya fita ba a gani daga waje, sai yaro ya kai tsakiya ya tarar an yi tsalle. Na jabu da aka yi da fotokofi ana gane shi da rubutu mai dishi-dishi, layuka a karkace, da gefen shafi da aka yanke har cikin kalmomi. Yana gajiyar da ido, mannensa kuma ba ya kai zafin watan Afrilu.

Lokacin saye watan Yuli ne, bayan BEPC da bak, sa'ad da ƴan makaranta ke kawo nasu. Oktoba kowa na nema, kuɗi ya hau. Ki tambayi mai saidawa tun farko ko yana karɓar musanya, da yawa suna karɓa in littafi ya dawo lafiya, a ɗora ɗan ciko.

In gindin littafi ya tsage, kada a sa sikoci, zafi yana narkar da shi ya bar dauɗa mai cin takarda. Farin mannen kafinta ake shafawa siriri, a rufe da ƙyalle, a danne da abu mai nauyi kwana ɗaya. Siririn littafi kuwa allura da zare sun ishe shi, huda uku. A ajiye su sama da ƙasa, nesa da bangon laka saboda gara, da damina kuma a riƙa fito da su suna shan iska a inuwa.

Hanya mafi arha adashen littattafai ce. Gida biyar, kowane gida ya sayi biyu, an sami goma. A yi musanya duk sati biyu, ya ishi yaro sati 20. Mutum ɗaya ya riƙe rajista, wanda ya ɓatar ya biya, a faɗi haka tun ranar farko.

Maman Biyu, Bukoki

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu biyu. Babban ya ce shi a waya zai karanta. In yarda? Kuma in bayan sati biyu suka watsar da kayen, in tilasta ko in ƙyale?

Malamin Faransanci, Yantala

Ki yarda Hajiya, da sharaɗi biyu. A sauko da littafin tukuna, sannan a kashe data da sanarwa na tsawon minti 20 ɗin, in ba haka ba saƙo ɗaya ya isa ya tafi da shi. Kayen kuma ya zauna na takarda. Tunda lambar shafi a waya tana sauyawa da girman rubutu, ya riƙa rubuta lambar babi. PDF da aka ɗauka da hoto yana wahalar karantawa a ƙaramin gilashi, in akwai zaɓi a ɗauki EPUB, shi yana daidaita kansa da waya.

In sun watsar, ki fara duba littafin da ke hannunsu kafin ki zargi kayen, sau da yawa littafin ne ya tsaya. A sauya shi da mai sauƙi. Sannan a rage aikin zuwa layi ɗaya na jerin gaba: suna, rana, maki. Sauran ki karɓa da baki, wajen tuwon dare, ki tambayi ina aka kwana a labarin, wa ke da gaskiya. In yaro ya faɗi wani abu mai ma'ana, ki ce ya rubuta wannan ɗin kaɗai kafin ya manta. Kwanakin da aka tsallake ba a ramawa, a ja layi a sa kwanan watan yau a ci gaba. Lokacin jarrabawa kuma a rufe kayen gaba ɗaya sati biyu, a sake buɗe shi ranar farko ta hutu da sabon littafi da shi yaron ya zaɓa.